Wasiƙa a kan manoman Ingila da aka ɗaure da ƙasa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ɗawainiyar koyarwa? Allah ya taimaka, amin.

Ka tambaye ni ko manoman Ingila na da can bayi ne, don ɗalibanka sun tsare ka a kan wannan. To, ba bayin da ake kai wa kasuwa ba ne, ko da yake a ƙidayar da Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086 an samu bayi na gaske, wajen kashi 10 cikin 100, waɗanda suka ɓace cikin ƙarnin da ya biyo baya. Manomin da muke magana yana da gida da shanu, wani ma gonarsa ta kai eka 30. Sai dai ƙasar ta ubangida ce, shi da zuriyarsa kuma a ɗaure suke da ita. Kowane mako yana yi wa gandun ubangida aikin kwana 2 ko 3, a ƙara masa lokacin girbi. Zai aurar da 'yarsa, sai ya biya. Ya mutu, ubangida ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garkensa. In kuwa yana son ya zauna a wani gari, akwai kuɗin da zai riƙa biya duk shekara, kusan irin murgun da muka sani.

Amma a ganina abin da ya kamata ka jaddada musu shi ne shari'a. Sarki Henri na 2, wanda ya hau a 1154, ya buɗe kotunan sarki ga duk ɗa mai 'yanci da aka ƙwace wa ƙasa. Daga nan sai alƙalai suka ga dole su tantance wanda ya cancanci shiga, kuma wannan tantancewar ce ta ƙara wa manomin nan ƙulli. In ubangida ya kore shi daga gona, ba shi da wurin kai ƙara sai kotun gandu, wadda wakilin ubangidan ne ke zama a kanta. Littafin shari'ar da ake dangantawa da alƙali Bracton, na ƙarni na 13, ya ce alamar irin wannan manomi ita ce da yamma bai san aikin da za a sa shi da safe ba. Wani abin dariya ma, ɗan da aka haifa ba aure ana lissafa shi mai 'yanci, tunda ba shi da uban da zai gaji ƙangin daga gare shi!

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na garin Sant Albans. Gidan ruhubanawan garin ya wajabta wa mutanensa su kai hatsi maniƙarsa su biya, su kuwa suna niƙa abinsu a gida da dutse. Aka daɗe ana jan magana, har a 1331 shugaban gidan ya yi galaba, ya karɓe duwatsun niƙan, ya sa aka daɓe wani ɗaki da su, mutane na takawa. Ka ji wulaƙanci. Shekara 50 ba su manta ba. Da boren manoma ya tashi a 1381, suka kutsa ɗakin, suka tone duwatsun, suka farfasa, kowa ya ɗauki gutsure ya tafi da shi gida.

Boren bai kai labari ba. Sarki Richad na 2, yana ɗan shekara 14, ya yi musu alkawarin 'yanci da hayar kwabo 4 a kowace eka, amma da aka kashe jagoransu Wat Tyler sai ya soke takardun alkawarin. Abin da ya sassauta ƙangin shi ne annobar 1348 zuwa 1349, da ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Gonaki suka yi yawa, masu noma suka yi kaɗan, wanda aka matsa wa sai ya sulale inda ake biya. Dokar 1351 ta ƙayyade ladan aiki, amma ba ta hana manoma sulalewa ba. A hankali aikin gandu ya koma kuɗin haya, a 1574 kuma Sarauniya Elizabet ta 1 ta ba da umarnin 'yanta waɗanda suka rage a wasu gandayen sarauta, amma fa sai sun fanshi kansu.

Ka gaida mini Hajiya da yara, da sauran abokai. Ina jiran amsarka.

Naka amini har kullum.