Wasiƙa Zuwa ga Habu a Bordo: Wane Abinci da Wace Kwalba

Zuwa ga aminina Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya sanyin Faransa? Saƙonka ya iso, na kuma gane damuwarka: an ɗauke ka daga kicin an mai da ka hidimar teburi, baƙi suna tambayarka wace giyar inabi ce za ta dace da abincinsu, kai kuwa ba ka sha. Kwantar da hankalinka. Abin da ake bukata a wurinka sanin dalili ne, kuma harshenka ya riga ya san rabinsa.

Ka tuna ɓaurin goro, ko na shayin da ya daɗe a kan wuta, yadda yake kame baki ya busar da shi. Tanin ke kawo haka, dangin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. A jar giya yana fitowa ne daga ɓawon inabi da ƙwayoyinsa, da kuma gangar katakon da aka ajiye ta a ciki. Masu nauyin, irin Pauillac ta yankin Médoc da yawancinta inabin Cabernet Sauvignon ne, ko Cahors ta inabin Malbec, ko Madiran ta inabin Tannat, tanin ɗinsu yana da yawa, barasar cikinsu kuma takan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Tanin yana kama yawu ya ɗauke santsinsa. In akwai nama mai kitse da gishiri a baki, sai ɓaurin ya lafa, giyar kuma ta wanke maiƙon. Shi ya sa a can ake haɗa Pauillac da gasasshen naman ɗan rago, Madiran ko Cahors da ƙirjin agwagwa mai kitse a baya. Naman sa da aka dafa a hankali har ya yi lugub shi ma ya dace. Ka dubi miyar da aka zuba a kai fiye da naman kansa, domin kaza a cikin miya mai kauri tana ɗaukar jar giya, amma kazar da aka dafa da lemon tsami ba za ta ɗauka ba.

Wurare biyu ne ake yawan yin kuskure. In baƙo ya zaɓi kifi ya nemi ja mai nauyi, ka faɗa masa cikin ladabi cewa haɗin yana tayar da ƙarni, har da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. Sai barkono. Barasa tana ƙara zafinsa, shi kuma yana ƙara fito da ɗacin giyar, don haka abinci mai yaji irin namu ba nata ba ne. Fara mai ɗan zaƙi daga Alsace, kamar Gewürztraminer, ta fi kwantar da zafin.

Ka lura da sanyin jar giya mai nauyi, don nan ne masu hidima da yawa ke ɓata kwalba mai tsada. Digiri 16 zuwa 18 ake so. In ɗakin cin abinci ya kai 23, warin barasa ne zai rufe komai, sai ka sa kwalbar a bokitin ƙanƙara na minti goma. In kuma ta yi sanyi da yawa, ɓaurin ya ƙaru. Sabuwa a juye ta cikin tulun gilashi kamar awa ɗaya kafin a kai teburi, ta sha iska ta yi laushi. Tsohuwa kuwa a hankali ake tsiyaye ta don guggubin ya zauna a ƙasa, a kai nan take. Kwalbar santilita 75 tana ba da kofi shida.

Farar mai zaƙi kuma, wato Sauternes, yankin da ake yin ta yana kusa da kai, kudu maso gabas da Bordo. Hazon da ke tashi da safe a lokacin kaka, inda ƙaramin kogin Ciron ke shiga Garonne, yana kawo wata funfuna mai suna Botrytis da ke huda ɓawon inabin, ruwa ya ƙafe, sukari ya taru. Lita ɗaya takan ƙunshi sukari giram 120 zuwa 150. Ta gonar Château d'Yquem ce kan gaba tun rabon darajar giyoyin Bordo na 1855. Wanda aljihunsa bai kai ba, nuna masa Monbazillac ta kusa da Bergerac.

Ƙa'idarta ɗaya ce: kada kayan zaƙin da ke faranti su fi ta zaƙi. In sun fi ta, sai ta koma tsami tsagwaronta. Kek ɗin tuffa ko na abarba da ba a cika wa sukari ba ya yi daidai. Cakulan baƙi yana danne ta, shi sai Banyuls ko Maury, jajaye masu zaƙi na yankin Roussillon. A ganina haɗin da ya fi kowanne ma'ana shi ne Sauternes da cukun Roquefort na nonon tunkiya, domin gishirinsa mai ƙarfi da zaƙinta suna riƙe juna. Ana kuma son ta da hantar agwagwa, wato foie gras, sai dai in an fara cin abinci da wannan, zaƙin yana kashe baki, jar da za ta biyo baya ta zama kamar ta fi ɗaci. Ka kawo ruwa da burodi a tsakani. Sauternes ana kai ta da sanyin digiri 8 zuwa 10, a ƙaramin kofi, santilita 6 zuwa 8 kawai, don haka rabin kwalba ya ishi mutum biyar.

Ka turo mini jerin abincin gidan naku in duba maka kowanne. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Sani