Karawar Duke da Karolina ta fi ƙarfin layi uku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, musamman samarin da ke kula da shafin wasanni, waɗanda ba na bari mako ya wuce ban karanta aikinsu ba, ko da ranar da ban yarda da su ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan guntun labarin da kuka maƙala a ƙasan shafi, can gefen teburin Firimiya, kan karawar jami'ar Duke da jami'ar Karolina ta Arewa a ƙwallon kwando. Layi uku ne: wane ya ci, da maki nawa, sai marubucin ya rufe da cewa wasan 'yan makaranta ne a Amurka. Ban ce ya yi ƙarya ba. 'Yan makaranta ne. Amma wanda ya ce maka hawan Daushe taron mahaya doki ne, shi ma bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa maka komai ba.

Bari in fara wanke kaina, don kada a ce na ɓoye. Ni ɗan Karolina ne a zuci. Na buga kwando da ƙuruciya a nan Zariya, kafin gwiwoyi su ce sun gaji, kuma kamar yawancin sa'o'ina ta hanyar Michael Jordan, wanda ya buga mata, na san makarantar, a kaset ɗin bidiyo da ake ba juna aro har hoton ya dinga rawa. Saboda haka in kun ga na ɗan karkata, kun san dalili.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne makarantun nan biyu maƙwabta ne. Duke tana garin Durham, Karolina tana Chapel Hill, tsakaninsu kusan mil 8. Jiha ɗaya, rukunin gasa ɗaya, wato ACC, wanda da su aka kafa shi a 1953. Dole su haɗu sau biyu kowace kaka, gida da waje, karo na biyun shi ke rufe kakar a farkon Maris, wani lokaci kuma su sake cin karo a gasar kofin rukunin. Har launi ɗaya suke sawa, shuɗi: na Duke mai duhu kamar rinin baba, na Karolina mai haske kamar sararin sama. Kishiyoyi ne a tsakar gida ɗaya. Wanda aka ci daren jiya, da safe zai tarar da wanda ya ci shi a ofis, ko wurin aski, ko ma a gefensa a kan gado, don akwai gidajen da miji na can mata na can. Irin zaman Kanawa da Zagezagi ne, sai dai nasu akwai allon maki.

Kuma ba ƙwallo kaɗai ke tsakaninsu ba. Karolina jami'ar gwamnatin jiha ce, tsohuwa, tun 1795 take karɓar ɗalibai, kuma ƙa'ida ta ware wa 'yan asalin jihar kashi 82 cikin ɗari na sababbin gurabe. Duke mai zaman kanta ce. Lokacin da suka fara karawa a Janairun 1920, inda Karolina ta ci 36 da 25, sunanta ma Kwalejin Trinity. Sai a 1924 ta ɗauki sunan iyalan Duke, attajiran taba sigari da suka zuba mata dukiya. Yawancin ɗalibanta daga wasu jihohi suke zuwa. Don haka 'yan Karolina na kallon 'yan Duke a matsayin baƙi 'ya'yan masu kuɗi, su kuma na kallon waɗancan a matsayin masu jin cewa jihar gadonsu ce. Ko babu kwando a duniya, za su sami abin yi wa juna gori.

Zancen kofuna ba sai na ja shi ba. Karolina ta ɗauki kofin ƙasa na NCAA sau 6, a 1957, 1982, 1993, 2005, 2009 da 2017. Duke sau 5, a 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015.

Abin da ya fi kofuna riƙe wutar nan shi ne mutanen da suka daɗe a kan kujera. Dean Smith ya horar da Karolina daga 1961 zuwa 1997, ya ci wasa 879. Shi ne ya kawo Charlie Scott a 1966, baƙar fata na farko da makarantar ta ba gurbin karatu don wasa, a kudancin Amurka da wariya ba ta gama mutuwa ba. A Duke kuma Mike Krzyzewski ya zauna daga 1980 zuwa 2022, kaka 42, ya yi ritaya da nasara 1,202 in an haɗa da na farkon aikinsa. Kada mai karanta labarai ya wahalar da harshensa da wannan suna: Shashefski ake faɗa, su kansu Amurkawa sun gaji sun koma ce masa Koci K. Shekara 17 mutanen nan biyu suna fuskantar juna. Yara su zo su tafi, su suna nan, kowa ya san dabarar ɗan'uwansa kamar yunwar cikinsa.

Akwai wasanni biyu na zamanin Smith da nake so yaranku su nema su kalla.

Na farko 2 ga Maris 1974, a Chapel Hill. Saura daƙiƙa 17 a tashi, Duke na gaba 86 da 78. A tuna, lokacin babu jifa mai maki uku; kowane kwando biyu ne. Ma'ana sai an zura huɗu a cikin daƙiƙa 17, kuma a hana abokin hamayya ko ɗaya. Bobby Jones na Karolina ya zura jifa biyu na laifi, masu maki ɗaya ɗaya, aka ƙwace ƙwallon da Duke ta jefo daga layi aka zura, aka sake ƙwacewa aka zura, ɗan Duke ya ɓarar da jifan laifinsa, sai Walter Davis ya karɓa daga can nesa ya wurga, ta daki allo ta faɗa daidai da ƙararrawar tashi. 86 da 86. A ƙarin lokaci Karolina ta ci 96 da 92. Duk kocin da ya taɓa ce wa yaransa kada su saki jiki sai an busa, wannan wasan yake nufi ko bai sani ba.

Na biyun ya fi ba ni dariya, ko da yake mu aka ci. Fabrairun 1979, a gidan Duke. Smith yana da wata dabara ta tura 'yan wasa huɗu kusurwoyi huɗu na rabin fili, na biyar a tsakiya, su yi ta miƙa wa juna ƙwallo ba tare da jifa ba, har abokin hamayya ya ƙosa ya fito ya bar ƙofa. Ran nan Duke ta ƙi fitowa. Suka tsaya ƙarƙashin kwandonsu, 'yan Karolina na riƙe da ƙwallo, ana kallon kallo fiye da minti goma. Aka tafi hutun rabin lokaci Duke 7, Karolina 0. Sifili, Malam Edita, a ƙwallon kwando. Bayan hutu kowa ya ci 40, aka tashi 47 da 40. Irin wannan riƙon na daga cikin abin da ya sa a 1985 aka shigo da agogon da ke tilasta jifa a wasannin jami'o'i, na daƙiƙa 45 a lokacin, yanzu ya koma 30.

Sai 'yan kallo. Zauren Duke, Cameron, tsoho ne tun 1940, mutum 9,314 kawai yake ɗauka, kuma ɗalibai ke tsaye a bakin layi, har suna iya taɓa rigar mai jefo ƙwallo. Tun 1986 ɗaliban suke kafa tanti a gaban zauren, cikin sanyin Janairu da Fabrairu, su yi makonni suna kwana a waje don samun wurin tsayuwa a wasa ɗaya tak, wanda za a yi da Karolina. Akwai masu zagayawa da dare suna kiran suna. Tantin da aka rasa mutanensa ya rasa layi. Zauren Karolina kuwa, mai sunan Dean Smith, ya haura kujera 21,000, kuma ranar da aka buɗe shi a Janairun 1986 Duke aka gayyato aka lallasa 95 da 92. Da gangan ko ba da gangan ba, Allah masani.

Yanzu in zo kan 2022, shekarar da har gobe nake jin daɗin tunawa. Koci K ya riga ya sanar zai ajiye aiki. Wasansa na ƙarshe a Cameron, 5 ga Maris, da Karolina ne. Tsofaffin 'yan wasansa suka cika gefen fili, an shirya biki, an shirya jawabai. Karolina, ƙarƙashin Hubert Davis da ke shekararsa ta farko a matsayin koci, ɗan ɗan'uwan Walter Davis ɗin nan na 1974, ta zo ta ci 94 da 81. Aka yi bikin haka nan, fuska ba walwala, shi kansa mai bikin ya karɓi abin magana ya ce wa jama'a abin da aka buga ran nan ba abin yarda ba ne.

Da a nan aka tsaya ma ya isa. Sai ga shi wata ɗaya bayan haka, 2 ga Afrilu, sun haɗu a New Orleans a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa. Shekara fiye da 100 suna karawa, ba su taɓa haɗuwa a wannan gasa ba sai ran nan. A wurinmu farkon azumi ne, wasan ya fara wajen ƙarfe biyu na dare. Ina zaune a tsakar gida da waya a hannu, data na ƙarewa, hoto na tsayawa yana tafiya. Saura daƙiƙa kusan 25, Karolina na gaba da maki ɗaya, Caleb Love ya tashi ya wurga mai uku ta saman dogon Duke, Mark Williams, ta shige. Na yi ihun da uwargida ta leƙo daga kicin, inda take ɗumama abincin sahur, tana tambaya ko lafiya. Aka tashi 81 da 77. Wasan farko da aka ci Koci K a Duke, a Disambar 1980, Karolina ce ta ci shi. Na ƙarshe ma ita ce. Kwana biyu bayan nan jami'ar Kansas ta doke mu a wasan ƙarshe 72 da 69, bayan mun ba ta ratar maki 15 a rabin lokaci, kuma wallahi ban ji zafin da ya kamata in ji ba.

Idan kuma ana ganin abin bai shafe mu ba, a duba sunayen da suka sa rigunan nan. Ademola Okulaja, haifaffen Legas da ya tashi a Jamus, ya yi wa Karolina shekara huɗu daga 1995, tare da su Vince Carter. Jahlil Okafor ya ɗauki kofi da Duke a 2015, daga baya ya sa rigar D'Tigers, ƙungiyar kwando ta Najeriya, a gasar Olamfik ta Tokyo. Luol Deng na Sudan ta Kudu ya yi kaka ɗaya a Duke, yanzu shi ke shugabantar hukumar kwando ta ƙasarsa, kuma ɗan ƙasarsu Khaman Maluach, wanda ya tashi a Yuganda ya bi ta makarantar NBA da ke Senegal, ya buga wa Duke a kakar 2024 zuwa 2025. Yaran da ke atisaye a filayenmu da yamma sun san waɗannan sunaye sarai.

Sai dai ina da damuwa, kuma ita ce ainihin abin da nake so marubutanku su bi diddigi. Gaba na buƙatar lokaci kafin ta nuna. Tyler Hansbrough ya yi shekara huɗu a Karolina, ya je Cameron sau huɗu bai taɓa komawa gida da kunya ba, kuma a Maris 2007 Gerald Henderson na Duke ya fasa masa hanci da hannu ana saura daƙiƙa kaɗan a tashi, jini har riga. Christian Laettner da J.J. Redick su ma huɗu huɗu suka yi a Duke, har 'yan Karolina suka haddace fuskokinsu suka tsane su da hujja. Yanzu fa? Kyrie Irving, Jayson Tatum, Zion Williamson, Paolo Banchero, Cooper Flagg, kowannensu kaka ɗaya ya yi a Duke ya wuce NBA. Abin da aka fi tunawa da Zion a wannan karawa shi ne takalminsa da ya yage a minti na farko a Fabrairun 2019, Barack Obama na zaune a bakin fili yana kallo. Tun 2021 kuma aka halatta wa ɗan wasan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansa, aka sauƙaƙa sauya makaranta. Ban ga laifin yaro ya ci gumin goshinsa ba, an daɗe ana cin arziki a kansu su ba ko sisi. Amma shi Caleb Love ɗin da ya sa ni ihu, shekara ɗaya bayan nan ya tattara ya koma jami'ar Arizona. Rukunin ACC ɗin ma, mai sunan gaɓar tekun Atlantika, a 2024 ya ɗauko jami'o'in Stanford da Berkeley daga Kalifoniya, can ɗaya bakin tekun, saboda kuɗin talabijin. Ina zargin nan gaba ƙiyayyar za ta koma ta 'yan tanti da tsofaffi irina, waɗanda ke cikin fili kuwa baƙin juna ne da suka haɗu a wata uku.

Roƙona kaɗan ne. In lokacin karawar ya zagayo, Fabrairu da Maris, ku ba ta ko da rabin shafi, ku faɗi inda kowa yake a teburin ACC, su wane ne 'yan Afirka a ciki, sannan ku sa lokacin da agogonmu, don a wannan watannin awa shida ke tsakaninmu da su, wasan ƙarfe 6:30 na yammarsu 12:30 na dare ne a nan. In kuma babu mai rubutawa, ga ni, ba sai an biya ni ba, sai dai ku sa wani ɗan Duke ya duba kafin a buga.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku a kullum,
daga Samaru, Zariya