Me ke ƙayyade albashin masu rubuta manhajar kwamfuta?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasa, wato wai duk wanda ya koyi rubuta manhajar kwamfuta kakarsa ta yanke saƙa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya gano yaren kwamfutar da ya fi kawo kuɗi. Sana'ar tana da riba, babu musu, amma a ganina ba a wurin yare gizo ke saƙa ba.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da binciken da shafin Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ke gudanarwa kowace shekara, inda dubban ma'aikata ke faɗin abin da ake biyan su, kuma gaskiya ne yaruka irin su Clojure da Erlang sukan hau saman jerin, PHP kuwa ya koma can ƙasa. Sai dai masu aiki da waɗancan yarukan 'yan kaɗan ne, galibinsu sun daɗe a cikin sana'ar, guraben aikinsu ma ba su da yawa, saboda haka abin da jerin ke nunawa ladar gogewa ce fiye da ladar yare. Ko ƙarancin masu sani ma ba kullum yake zama kuɗi ba: a watan Afrilun 2020, lokacin da tsohuwar na'urar biyan tallafin marasa aikin yi ta jihar New Jersey a Amurka ta kasa ɗaukar cunkoson masu nema, gwamna Phil Murphy ya fito neman waɗanda suka iya COBOL, yaren da na'urar ke aiki da shi wanda aka ƙirƙira tun 1959, amma masu sa kai ya nema.

Abin da ya fi tasiri shi ne matsayin aikin mutum a wurin wanda ya ɗauke shi. A kamfanin da manhaja ita ce hajarsa, gyara ɗaya ƙarami yana iya isa ga ɗaruruwan miliyoyin masu amfani a rana guda, don haka ana kallon mai rubuta ta a matsayin hanyar shigowar kuɗi. A kamfanin da sana'arsa daban ce, manhaja kuwa taimako kawai take yi, ana lissafa shi ne cikin abubuwan da ke cin kuɗi, kuma idan aka zo tsuke aljihu da irinsa ake farawa. Mutum biyu masu ƙwarewa iri ɗaya suna iya samun tazara mai nisa saboda wannan kaɗai. Manyan kamfanonin fasaha kuma sukan ƙara wa ma'aikaci hannun jari da ake sakar masa kaɗan-kaɗan, galibi cikin shekara huɗu, wanda a wurin manyan ma'aikata yakan zarce albashin kansa. Amma wannan kuɗi ne da ke hawa da sauka, domin a 2022 hannun jarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarsa, kuma ya tafi da rabon ma'aikatan a lokacin.

Sai nauyin da mutum ya ɗauka. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta raba sana'ar gida biyu, kuma alƙalumanta na watan Mayun 2023 sun nuna cewa matsakaicin albashin masu rubuta manhaja bisa tsarin da aka shata musu dala 99,700 ne a shekara, na masu tsara manhajar tun daga tushe kuwa dala 132,270. Bambancin yana fitowa fili a daren da tsarin biyan kuɗi na kamfani ya tsaya cak da ƙarfe biyu: akwai wanda za a tayar daga barci, ya duba bayanan da na'ura ta ajiye, ya gano cewa gyaran da aka saka jiya da yamma ne ya jawo, ya janye shi, washegari kuma ya yi wa shugabanni bayani cikin maganar da za su fahimta ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba. Irin wannan ma'aikacin ne kamfani ke tsoron rasawa, kuma tsoron rasa mutum shi ne ke ɗaga albashinsa. Digiri yana taimakawa wajen buɗe ƙofar farko, amma bayan 'yan shekaru abin da ake tambaya shi ne me ka gina, kuma me ya faru da shi da jama'a suka yi masa yawa.

Wurin zama ma bai daina tasiri ba, duk da cewa an yi zaton aiki daga gida zai shafe shi. A watan Mayun 2020 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya shaida wa ma'aikatansa cewa wanda ya ƙaura zuwa gari mai sauƙin rayuwa za a daidaita albashinsa da sabon wurin, kamfanin GitLab kuwa, wanda ma'aikatansa duk daga nesa suke aiki, ya daɗe yana sa wurin zama cikin lissafin albashi.

Akwai kuma lokacin da mutum ya shigo kasuwa, abin da ba shi da iko a kansa. A shekarun da kuɗin ruwa ya yi ƙasa sosai, masu zuba jari sun yi ta kwararo kuɗi, kamfanoni suna wawason ma'aikata. Da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, sai labari ya sha bamban: Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban shekarar, a Janairun 2023 kuma Google ta sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000. Zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya rubuta ƙananan ayyuka ya ƙara matse sababbin shiga, tunda irin waɗannan ayyukan ne dā ake fara ba su.

Na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ciniki. Albashi yana tashi ne idan kamfanoni suna gasar neman mutum, kuma su ma sun san haka, shi ya sa a 2015 Apple da Google da Intel da Adobe suka amince su biya dala miliyan 415 domin kashe ƙarar da ma'aikata suka shigar, bisa zargin cewa an haɗa baki a ɓoye kada wani ya zawarci ma'aikacin wani. Ma'aikacin da bai san abin da ake biyan takwarorinsa ba yakan karɓi tayin farko yana godiya, dalilin da ya sa birnin New York a 2022 da jihar Kalifoniya a 2023 suka wajabta wa kamfanoni rubuta mafi ƙanƙanta da mafi yawan albashin da za su biya a tallan neman ma'aikata.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da za ku buga adadin albashin wannan sana'a, ku faɗi ƙasar da shekarar, ku kuma bayyana ko an haɗa da hannun jari, ko an cire haraji, da matakin ma'aikacin da ake magana a kansa.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku