Kyakkyawar Fuska A Tallan Abinci Da Alfaharin Mutanen Filifin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna tun lokacin da nake karatu a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, wato yadda gidajen abinci na can suke ɗora kyakkyawar fuska a allon talla, sannan su nuna wa jama'a cewa wannan fuska ita ce abin alfaharin ƙasa.

Duk wanda ya bi babban titin EDSA, musamman wajen gadar Guadalupe, zai ga alluna waɗanda tsayinsu ya kai na bene mai hawa da yawa, kuma cunkoson motocin wurin yakan ba mutum lokacin da zai ƙare musu kallo ko yana so ko ba ya so. A kan da yawa daga cikinsu akwai 'yar fim ko sarauniyar kyau tana murmushi, wani lokaci da cinyar kaza a hannu. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da take ɗaukar gasar kyau kamar yadda wasu ƙasashe suke ɗaukar ƙwallon ƙafa. Sau huɗu 'yan Filifin suna lashe kambin Miss Universe: Gloria Diaz a 1969, Margie Moran a 1973, Pia Wurtzbach a 2015, sai Catriona Gray a 2018. Mai gidan abinci da ya ɗauki irin wannan fuska ya san ƙauna ya saya tare da ita.

Ni ba kyan fuska nake zargi ba, domin ɗan kasuwa yana da haƙƙin neman abin da zai tsayar da mai wucewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin fuskar da ake zaɓa. Galibi fara ce sol, mai dogon hanci, irin wadda suke kira mestiza, wato mai ruwa biyu. A Jamus aka haifi Pia, ita kuma Catriona a Ostireliya, kuma wannan bai rage musu komai daga zamansu 'yan ƙasa ba, amma gaskiya ita ce akasarin mutanen da suke dafa abincin da waɗanda suke cin sa masu launin ƙasa-ƙasa ne, launin da harshen Tagalog yake da suna na musamman dominsa, kayumanggi. Sifaniya ta mulki tsibiran Filifin daga 1565 zuwa 1898, Amurka ta karɓa har zuwa 1946, kuma a tsawon waɗannan ƙarnuka farar fata ta zama alamar dukiya da muƙami. Shi ya sa a kan titi ɗaya za ka ga tallan soyayyiyar kaza kusa da tallan sabulun gwanda da ƙwayoyin glutathione na hasken fata, kuma fuskokin ba su da wani bambanci.

A unguwar Quiapo, kusa da Masallacin Zinare da aka gina a 1976, akwai wani ƙaramin gidan abinci na halal da nake zuwa bayan sallar Juma'a. Mai girkin wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Maranao daga tsibirin Mindanao na kudancin ƙasar, wadda kowa yake kira Ate, ma'ana yaya. Ita take daka palapa, wani yaji na albasar sakurab da citta da barkono, sannan ta dafa kaza da kwakwa da kurkum har sai romon ya yi rawaya, kuma ba na jin wanda ya ɗanɗana zai manta. Wata rana na tarar an rataya sabon kyallen talla a ƙofa, ɗauke da hoton wata farar budurwa da aka ciro daga intanet, an zagaye ta da launukan tutar ƙasa. Da na tambayi ɗan mai gidan dalili, sai ya ce mini ita ce take sa mai tafiya ya waiwayo. Ban musa masa ba, amma na lura cewa duk wanda ya shigo, kansa tsaye yake wuce hoton ya leƙa madafi ya tambaya ko Ate ce ta yi girkin yau, kuma ran da ba ta nan wasu juyawa suke yi.

Tarihin Jollibee, gidan abincin da 'yan Filifin suka fi tinƙaho da shi, ya ƙara tabbatar mini da cewa ɗanɗano ne yake riƙe mai saye, ba fuskar talla ba. Tony Tan Caktiong ya fara da shagon sayar da askirim a Cubao a 1975, ya mayar da shi Jollibee a 1978, kuma da McDonald's, shahararren gidan abinci na Amurka, ya shigo ƙasar a 1981 bai iya ture shi ba, har yau kuwa Jollibee ne a gaba a cikin gida. Shi ma yana ɗaukar taurarin fim su yi masa talla, ba zan ɓoye wannan ba, amma fuskar da yara da manya suka san shi da ita ta wani jan ƙudan zuma ce mai hular kuku. Abin da ya riƙe masa jama'a shi ne ya dafa abin da harshensu ya saba da shi: kaza da shinkafa da romo, da taliya mai zaƙi wadda baƙo yakan yi mamakinta a lomar farko. 'Yan uwanmu da suke zuwa Jidda ko Dubai suna iya ganin ma'aikatan Filifin sun yi layi a rassansa a ranar hutu, ma'aikatan jinya da direbobi da masu aikin gida, kuma kewar ɗanɗanon gida ce take kai su can.

Wannan zaƙi na taliyarsu ma yana da asali. A gidaje da yawa ana haɗa miyarta da ketchup na ayaba, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Maria Orosa, masaniyar kimiyyar abinci da ta rasu a yaƙin Manila a 1945, bayan ta taimaka wajen ciyar da fursunonin yaƙi da abincin da ta sarrafa. Akwai titi mai sunanta a Manila, na bi shi sau da yawa, amma a duk shekarun da na yi a birnin ban taɓa cin karo da hotonta a ƙofar wani gidan abinci ba, kamar yadda ban ga na Ate a ƙofar gidan da take girki ba.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi a Manila,
daga Kano.