Ƙaramar kaguwar tudu ta tsibirin Java na buƙatar kariya

Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu karatu kan kaguwar Geosesarma ta tsibirin Java a Indonesiya, wadda faɗin ɓawonta bai wuce santimita 2 ba. A tudu take zaune, cikin ramuka da ruɓaɓɓen ganye a bakin ƙoramu, tana cin ƙananan ƙwari da tarkacen tsirrai. Amma gaɓoɓin numfashinta irin na kifi ne, dole su kasance da danshi. Ƙasa na bushewa, numfashi ya gagara.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne haihuwarta. Yawancin kaguwar tudu sai sun kai ƙwansu teku. Ita kuwa uwar tana riƙe manyan ƙwai 'yan kaɗan a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe da cikakkiyar siffar kaguwa. Saboda haka 'ya'yan ba sa nisa, kuma daga cikin jinsunanta, wani jinsin a ɗan yanki guda kaɗai ake samunsa.

Nan matsalar take. Masu cinikin dabbobin ado suna kwasarta saboda launinta, ana kuma sare dazukan da ke riƙe mata danshi. Tun kafin masana su raɗa wa jinsi biyu na wannan kaguwa suna a 2015, ana sayar da su a Turai.

Naku,
Wasu masu nazarin halittu