Masu sayar da aksolotil a Legas, ku riƙa faɗa wa mutane maganar zafi

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan aksolotil, ɗan dabban ruwan nan dangin kwaɗo mai geza uku-uku ta numfashi a kowane gefen kai. Tunda aka saka shi a wasan kwamfuta na Minecraft a 2021, ga kuma bidiyoyin TikTok, yara sun tasa iyaye gaba sai an saya musu, mai sayarwa kuma ya karɓi kuɗinsa ya ɗaure maka shi a leda ko uffan bai ce maka ba kan ruwan da zai zauna a ciki.

Asalinsa fa tafkin Xochimilco ne a birnin Meziko, wuri mai tudu sama da mita 2,000, ruwa mai sanyi. Digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius yake so, in ya haura 24 an shiga matsala. To mu nan Legas ruwan da aka ajiye a ɗaki ai cikin sauƙi yake wuce 27, balle a watan Maris ga an ɗauke wuta. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take, gubar amoniyar kashinsa kuma ta ƙara ƙarfi, kuma gezar nan da ita yake numfashi, shi yasa ita ke fara nunawa.

Ba duk canjin launi ne ciwo ba. In yana kwance yana hutawa gezar takan koɗe, da an jefa masa tana ya fara motsi sai ka ga ta yi jawur saboda jini ya hau, musamman farare ɗin nan. Wannan lafiya lau. Abin tsoro shi ne ta koɗe kwana da kwanaki ba ta dawo ba, ko ta lanƙwaso gaba ta wajen fuska, ko siraran gashin da ke jikinta su dinga zubewa har ya rage sanda kawai.

Na ga haka da idona a gidan maƙwabcinmu nan Agege. Tankin na jikin taga rana na dukansa, an haɗa shi da ƙananan kifaye jajaye suna ta tsinkar gezar, wani farin abu kamar auduga ya fito a gefe ɗaya, bakin wutsiyar ya naɗe, kwana nawa bai ci komai ba. Yaron gidan yana tsaye yana ta share hawaye, wallahi abin ya taɓa ni. Har wani ya ce a zuba maganin kifi, alhali fatarsa tana tsotsar komai, maganin da ke da jan ƙarfe a ciki ma kashe shi yake.

Gyaran daga ruwa yake farawa. A cire kifayen, a kai tankin inuwa, a sayi ma'aunin zafi da kayan gwajin ruwa, amoniya ya zama 0, a riƙa canza kashi 20 cikin 100 duk sati da ruwan da babu kilorin. Injin tace ruwa kada ya yi ƙarfi. Gorar ƙanƙara na taimakawa amma na ɗan lokaci ne, zafin ya sauka ya hau shi ma wahala ce, fanka kuma saboda danshin iskar Legas ba ta wani rage zafin da yawa. In ruwa ya daidaita gezar tana sake tsirowa, dabba ne da ko ƙafarsa ta guntule yake sake tsiro da ita sukutum.

Amma gaskiya wanda ba shi da injin sanyaya ruwa da sola ko inbata da za ta riƙe shi dare da rana, ya haƙura ya saya wa yaro kifin da ya saba da zafinmu. Aksolotil yakan yi shekara 10 zuwa 15 in an kula da shi. Masu sayarwa ku ji tsoron Allah ku tambayi mutum yaya wutar unguwarsu take kafin ku karɓi kuɗinsa.

Daga mai karatunku a Agege, Legas.