Wasiƙa zuwa Maradi: kada a taɓa waken bana don rama asarar kirifto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da ƙanena Auta wanda zai karanta musu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya gida, ya aikin kaka? Nan Beljiyam lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Saƙon Auta ya iso. Abin da na fahimta shi ne jika 300, wato sefa 300,000, da ya zuba a kirifto, kuɗin intanet irin su Bitcoin, sun koma jika 180, yana kuma so a sayar da waken da ke sito, a haɗa da kwasar adashen Inna, ya shiga cinikin ninki, inda ake ba mutum damar ciniki da kuɗin da ya ninka nasa sau da yawa, ya rama. Baba, ku yi mini haƙuri zan tsawaita. Amsata a'a ce, amma na fi so ku ji lissafin da kunnenku.

Auta, fara da wannan. Daga 300 zuwa 180 ka yi asarar kashi 40 cikin 100. Amma tashin kashi 40 ba zai mayar da kai 300 ba, sai kasuwa ta tashi da kusan kashi 67, don yanzu a kan 180 ake lissafi. Wanda ya rasa rabi sai kuɗinsa sun ninka kafin ya dawo inda ya tashi. Wanda ya rasa kashi 80 sai sun ninka sau 5.

Masu ce maka "zai dawo" ba ƙarya tsagwaronta suke yi ba, rabin magana suke faɗa. A Disamba 2017 Bitcoin ya kusa dalar Amurka 20,000, bayan shekara guda yana wajen 3,200, bai sake ganin tsohon farashinsa ba sai Disamba 2020. A Nuwamba 2021 ya taɓa 69,000, a Nuwamba 2022 ya sauko ƙasa da 16,000, sai Maris 2024 ya haura wancan matsayi. Shekara 3 ke nan a karo na farko, fiye da 2 a na biyu. Wannan kuwa Bitcoin ne, babbansu. Ƙananan koyin, wato sauran nau'o'in kirifto, sun fi shan kashi, kuma da yawansu ba sa tashi sam. LUNA a farkon Mayu 2022 yana sama da dalar Amurka 80, kafin tsakiyar watan ko santi ɗaya bai kai ba. Duk wanda ya saye shi yana 10 don ya ga ya yi arha, shi ma ya tafi da shi. Saboda haka kafin ka ce za ka jira, duba me ka riƙe, sannan ka tambayi kanka ko kuɗin na jira ne. Na adashe ba na jira ba ne, akwai zubi a gabansa.

Cinikin ninki, wanda a manhaja ake rubutawa Futures, shi ne ya tayar mini da hankali, don haka a kansa zan daɗe.

Ka ajiye jika 50 jingina, ka zaɓi ninki 20, sai a buɗe maka ciniki na miliyan 1. In farashi ya hau da kashi 5 ka ci jika 50, wannan shi ake nuna maka a bidiyo. In ya sauka da kashi 5 jinginarka ta ƙare ƙurmus. Ba a ma bari ya kai 5 ɗin, wajen kashi 4 da rabi na'ura za ta rufe cinikin da kanta ta kwashe jinginar, don kamfanin ba zai yarda asara ta haura kansa ba. A ninki 10 motsin kashi 10 ne ke share mutum, a ninki 50 kashi 2, a ninki 100 kashi 1. A kwanakin faɗuwa kuwa Bitcoin kan yi kashi 5 sama ko ƙasa tsakanin azahar da la'asar. Kana iya yin daidai a hasashenka cewa farashi zai tashi mako mai zuwa, amma a share ka yau da dare, ya tashi ba da kai ba.

Baba, ku kun fi ni sanin wannan a harkar hatsi. Wanda ya sayi wake da kaka da kuɗinsa ya zuba a sito, ko farashi ya karye yana iya zama har bazara. Wanda ya saya da bashi, mabuɗin sito kuma yana hannun mai bashin, da sharaɗin ranar da farashi ya ɗan sauka zai buɗe ya sayar ya cire nasa, wannan ba shi da bazara. Auta na so ya bar halin na farko ya koma na biyu.

Akwai kuma kuɗin da ke zurarewa ko farashi bai motsa ba. Ladan ciniki a kan miliyan ɗin ake cire shi, ba a kan jika 50 ɗinka ba. In kashi 0.05 ne, kamar yadda manyan dandali suka saba, sefa 500 ne shiga, 500 fita, jika guda ke nan. Ka yi shiga da fita 10 a rana, jika 10 sun tafi, kashi ɗaya cikin biyar na jinginar. Sannan duk awa 8 akwai wani kuɗi da ake yanka tsakanin masu cewa zai hau da masu cewa zai sauka. Wani nau'in kuma rance ne kai tsaye da ruwa a kansa, hukuncin wannan ba sai na faɗa wa gidanmu ba. Sai wani maɓalli da mutane ba sa lura da shi: in yana kan Cross, ba jinginar ciniki ɗaya kawai ke cikin haɗari ba, duk abin da ke asusun ninkin ne. Isolated shi ke killace asara a ciniki guda.

Abin da ke sa faɗuwa ta yi muni farat ɗaya shi ne masu ninkin kansu. An share na farko, na'ura ta sayar da kayansa, farashi ya ƙara sauka, ya taɓa na biyu, shi ma a sayar. Ran 10 ga Oktoba 2025, bayan Donald Trump ya yi shelar ƙarin harajin kashi 100 a kan kayan Chaina, an share cinikin ninki na sama da dalar Amurka biliyan 19 cikin awa 24, kwana 4 kacal bayan Bitcoin ya kai kusan 126,000. Lokacin da abin ya yi tsanani dare ya riga ya yi a Maradi. Kasuwar nan ba ta da Juma'a, ba ta da dare.

Za ka ce ai akwai umarnin tsayar da asara. Akwai, kuma wanda ke ciniki ba tare da shi ba ya fi kowa ganganci. Sai dai umarnin cewa yake yi "in farashi ya kai kaza, a sayar", bai ce ga mai saye ba. A irin wannan dare masu saye janyewa suke yi, ka sa 100 a sayar maka a 92. In kuma ka ƙayyade farashi ka ce kada a sayar ƙasa da 99, kasuwa ta tsallake ka ta wuce, kayanka na hannunka. Manhajar kanta takan yi nauyi saboda cunkoso. Ƙara da namu na gida, rezo ya ɗauke ko wuta ta tafi waya ba caji.

Game da guruf ɗinku na WhatsApp da Telegram, na san abin da ake faɗa ciki ko ban shiga ba, don kowace faɗuwa salon ɗaya ne. Da farko "garaɓasa ce, ku ƙara saye". In ta ƙara sauka, "masu haƙuri su ne masu ci". In ta ci gaba sai shiru, sai zagi, sai a sayar a ƙasan ƙasa. Har ma'auni aka yi wa wannan, na tsoro da haɗama, daga 0 zuwa 100, ƙasa da 25 ana cewa tsoro ya yi tsanani. Ma'aunin yanayin zukata yake nunawa, ba ya nuna ranar da faɗuwa za ta tsaya, yakan yi makonni a ƙasa farashi na ci gaba da zubewa. Mai ba ku sigina, wato mai gaya muku lokacin saye da sayarwa, ka tambaye shi ta mahaɗin (link) wa ka yi rajista. In nasa ne, yana da kaso a ladan kowane cinikinka, ka ci ko ka faɗi. Shi ya sa bai taɓa ce muku ku huta ba.

Bayan faɗuwa sai masu "taimako" su fito. Wani zai ce yana dawo da kuɗin da aka rasa in ka biya kafin alƙalami. Wani yana da na'ura mai ba da kashi 2 kullum. Kun ga yadda tsarin damfara na MMM ya rushe da kuɗin mutane a Najeriya a Disamba 2016, haka CBEX a Afrilu 2025, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Riba tabbatacciya, da tukuicin kawo mutane, da sharaɗin sai ka ƙara zubi kafin ka cire, in ka ga ko ɗaya daga ciki ka fita.

Yanzu abin da nake so ka yi da jika 180 ɗin nan.

In akwai cinikin ninki a buɗe, rufe shi yau, ka mayar da kuɗin ɓangaren saye da sayarwa na yau da kullum, Spot. Sai ka ɗauki takarda ka rubuta kowane koyin, nawa ka saya, nawa yake yanzu. Ka ware duk abin da za ka buƙata cikin shekara guda, da duk wanda ba naka ba, wannan a fitar da shi ya koma sefa ko da asara. Abin da ya rage, in ka ga za ka iya rasa shi gaba ɗaya ba tare da tukunyar gida ta ji ba, shi ne na jira. Ƙananan koyin da ba ka iya faɗin aikinsu da bakinka, a ganina ba na jira ba ne.

Kada ka ɗauki koyin USDT kamar sefa ce a aljihu. Dalar Amurka yake bi, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro guda. A Janairu 2025 dalar tana wajen sefa 635, kafin tsakiyar damina ta sauko wajen 560. Wanda ya ajiye USDT bai yi ko ciniki ɗaya ba ya rasa kusan kashi 12 a kuɗinmu. Kuma irin waɗannan koyin masu bin dala ma suna kwancewa daga dalar: UST ya ruguje a Mayu 2022, USDC ya sauka wajen santi 87 a Maris 2023 kafin ya farfaɗo.

Wajen sayarwa ta P2P, wato kai tsaye ga wani mutum ta cikin manhaja, zaɓi mai saye da ya yi ɗaruruwan ciniki kuma aka kammala kusan dukansu. Sunan da ya turo kuɗi ya zo daidai da sunan da ke manhaja. Kada ka saki koyin saboda hoton rasit ko saƙon da ya shigo waya, ana ƙirƙirar su. Shiga asusunka na Airtel Money ko na banki da kanka ka ga kuɗin sun zauna. In ya ce ku koma WhatsApp ku ƙarasa, ƙi, don da zarar kun fita daga manhaja babu mai raba ku. Fara da kaɗan, kamar USDT 20, ka ga hanyar ta yi. Bi ta naira kuma, a sayar maka a Katsina ka canza a Jibiya ko Ɗan Isa, canji biyu ne, kowanne da yankansa. Dandalin musaya na Binance ma ya daina hulɗa da naira tun Maris 2024.

Abin da za ka ajiye na dogon lokaci kada ya kwana a dandalin musaya. Kamfanin ajiyar kirifto Celsius ya hana cire kuɗi a Yuni 2022, dandalin musaya na FTX ya durƙushe ran 11 ga Nuwamba 2022 da kimanin dalar Amurka biliyan 8 na jama'a. Mai shi, Sam Bankman-Fried, an yanke masa shekara 25, amma masu ajiya sai da suka yi fiye da shekara 2 suna jira. Mu kuma kirifto ba kuɗin BCEAO, babban bankin sefa, ba ne, babu ofishin da za ka kai kuka a Maradi ko Yamai a biya ka. Buɗe walat naka na kanka, wato manhajar ajiyar koyin da mabuɗinta ke hannunka. Kalmomin sirri 12 da zai ba ka, rubuta su da biro a takarda biyu, a ajiye a wurare biyu. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kowa, har ni. Wajen tura USDT duba layin da zai bi, akwai TRC20, ERC20 da BEP20: adireshin TRC20 da T yake farawa, na ERC20 da BEP20 da 0x, kuma waɗannan biyun kamarsu ɗaya, nan ake yawan kuskure. Layin turawa da na karɓa su zama ɗaya. Tura 5 tukuna, ka ga sun sauka, sannan sauran. Karanta adireshin har tsakiyarsa, don ɓarayi kan ƙera mai farko da ƙarshe iri ɗaya da naka. In walat ɗin na TRC20 ne ka bar ɗan koyin TRX a ciki, da shi ake biyan kuɗin fitarwa. Tsaron asusu kuma ka mayar da shi kan manhajar lambobin sirri irin Google Authenticator, saƙon waya ba abin dogaro ba ne tunda ana iya sace layi.

Inna, kwasarki taki ce, ki yi abin da kika yi niyya da ita. Baba, waken ya zauna a sito har lokacin da kuka ga dama. Kuɗin cefane na wata zai zo ta NITA da sunanku kamar kullum. Ina roƙonku kada a yi wa Auta faɗa a gaban ƙannen matan nan da maƙwabta, wanda kunya ta kama shi ne ke zuwa ya ci bashi a ɓoye don ya rama.

Auta, in ka gama rubuta takardar, turo mini hotonta, ta lissafin nake nufi, mu duba tare ran Lahadi bayan isha'i. A gaida su Gwaggo da Kawu, da mutanen unguwa baki ɗaya.

Wassalam.

Ɗanku, kuma yayan Auta.